Litinin za mu buɗe karatun gida, ku ba ni shawara

Maman Hanif, Hanwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. An wuni lafiya, ya ruwa? Ku yi haƙuri da tsawon saƙon nan, abin ne ya taru a raina tun jiya.

Jiya da yamma ina tsaye a ƙofar gida sai ga 'ya'yan maƙwabta an dawo da su daga wajen tela, kowa da sabbin kayan makarantarsa a leda, sai ɗoki suke. Zahra ta bi su da ido har suka shige gida. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Litinin mai zuwa muke son buɗe namu karatun, shekara ta biyu ke nan muna yi a gida.

Ga waɗanda ba su san labarinmu ba, Hanif shekararsa 10, yana da sikila. A zangonsa na ƙarshe a makaranta na ƙirga kwana 23 bai je ba, tsakanin gadon asibiti da jinya a gida. Duk dawowar da zai yi an riga an wuce shi. Wata rana na ba shi littafin Turancinsu na aji huɗu ya karanta min, ya zuba tiryan-tiryan, amma da na rufe hoton na ɗora yatsa a layin tsakiya sai ya yi shiru. Ashe haddacewa ya yi. Daren nan muka zauna da babansu muka yanke mu riƙe su a gida, shi da Zahra mai shekara 7.

Bara makaranta na ɗauko ɗungurungum na kawo falo. Darasi takwas a rana, kowanne minti 40, har da ƙararrawa a waya. Mako uku muka yi a haka, na huɗu ni na kwanta. Abin da ya ɗore har ƙarshen shekara abu uku ne kacal: Alƙur'ani bayan asuba, lissafi, da karanta labari a bayyane. Kuma a kan ukun nan Hanif ya iya karatu na gaskiya. Ranar da ya ɗauki takardar maganinsa ya ce "Mama, an rubuta sau biyu a rana bayan cin abinci", ɗaki na shiga na yi sujada ina hawaye.

To bana ina so in rage, in daure a kan kaɗan ɗin. Ga inda nake neman taimako. Hanif ya kai doguwar rabawa da lissafin kaso, ni kuma a nan bayanina ke rikita shi. Sai maganar takarda, wace jarrabawa yaron gida zai iya zama? Abin da ya fi damuna kuma Zahra. Ita lafiyarta ƙalau, saboda yayanta take zaune, kuma kallon da ta yi jiya ya hana ni barci.

Ummu Sumayya, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ruwa ya yi gyara. Allah Ya ba Hanif lafiya mai ɗorewa, Ya saka miki. Bari in sauke tukunya in dawo kan maganar Zahra.

Malama Asabe, Kofar Doka:
'Yata, sannu da ƙoƙari. Shekara 35 na yi da alli a hannu kafin in ajiye aiki, kuma kun san ra'ayina tun da aka saka ni a zauren nan: in da hali na fi son yaro ya tashi cikin yara 'yan uwansa. Amma lalura daban ce, kuma abin da kika yi wa Hanif ba kowane aji mai yara tamanin zai yi masa ba.

Makon farko kada ki fara sabon darasi ko ɗaya. Ki auna su. Ki sami farar takarda ki rubuta haruffa goma a warwatse, ba a jere ba. Ƙasa da su kalmomi goma masu sauƙi, sai jimloli huɗu, sai ɗan labarin da bai taɓa gani ba. Ki zaunar da yaro shi kaɗai, ki ba shi jimlolin. In ya wuce ki hau da shi labari, ki tambaye shi abu biyu a kai. In ya cije ki sauko da shi kalmomi. Inda ya tsaya nan ne ajinsa, ba inda shekarunsa suka ce ba. Lissafi ma haka: gane lamba, ɗebewa mai aro, sau, sannan rabawa. Ki rubuta kwanan wata ki ajiye takardar, ƙarshen zango ki sake.

Doguwar rabawa kuwa, a duk shekarun da na yi, yawancin yaran da ta ba wahala ba rabawar ce matsalarsu ba. Haddar sau ce ba ta zauna ba, musamman 6, 7 da 8. Ki gwada shi a tsakiya, ki ce bakwai sau takwas. In sai ya faro daga bakwai sau ɗaya kafin ya iso, to ki bar rabawa mako biyu ki koma can.

Maman Hanif, Hanwa:
Mama, wallahi kamar kina gidan. Haka yake yi, yana ƙirgawa da yatsu a ƙarƙashin tebur.

Malama Asabe, Kofar Doka:
To kin gani. Kada ki hana shi yatsun, da kansa zai bari. Lissafin kaso kuma kada ki fara da alƙalami. Ki ba shi takarda ya ninke biyu, ya shafa wa rabi launi, ya sake ninkewa ya buɗe. Zai ga da idonsa rabin nan ya koma biyu cikin huɗu alhali ba a ƙara launi ba. Gobe ki yi da naira 1,000, rabi nawa, kwata nawa. Jibi ki aike shi ya raba wa ƙannensa sandar rake ɗaya kashi uku. Yaron da ya san sulusi a rake ba ya ruɗewa in ya gan shi a allo.

Abban Sadiq, Samaru:
Salamu alaikum. Allah Ya ƙara girma Malama. Hajiya Maman Hanif, bari in ɗauki maganar takarda, don mu mun riga ku shiga wannan layin, Sadiq yana 15 yanzu.

Matakin farko da ke gabanki shi ne jarrabawar shiga makarantun haɗaka na gwamnatin tarayya, wadda NECO ke shiryawa duk shekara. Ta intanet ake rajista. Ko ba ki da niyyar kai shi makarantar kwana, ina ba da shawara ya zauna, don ma'auni ce daga waje, ba ke kika tsara tambayoyin ba, ba ke za ki maka ba. Zahra kuma in lokacinta ya yi ga ta 'yan mata ta tarayya nan Zariya, ta wannan jarrabawar ake shiga.

Inda ake cijewa shi ne jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare, BECE. Ita ta hannun makaranta ake rajistarta. Mu tun yana aji biyu muka je muka yi magana da shugaban wata makaranta kusa da mu, muka faɗa masa gaskiyar yadda muke, suka amince yana zuwa jarrabawar ƙarshen kowane zango. Kada ki bari sai shekarar ta zo.

Na ƙarshen sakandare ya fi sauƙi. WAEC tana da ta masu zaman kansu sau biyu a shekara, ɗaya farkon shekara ɗaya ƙarshenta, NECO ma tana da tata wajen Nuwamba da Disamba. Babu ruwansu da wace makaranta ka fito. Sai dai a ta WAEC ɗin ɓangaren gwaje-gwajen kimiyya a takarda ake amsa shi, don haka yaron da bai taɓa riƙe kayan gwaji ba yakan sha wuya, sai an nema masa inda zai gani. Kuma tun yanzu ki yi musu lambar NIN, ki tabbatar sunan da ranar haihuwar sun yi daidai da takardar haihuwa harafi da harafi. JAMB ba ta rajista sai da ita, kuma gyaran suna daga baya ba ƙaramin zirga-zirga ba ne.

Anti Fati, Sabon Gari:
Ni sabuwa ce a nan, ban ma cire nawa ba tukuna, tunani nake. Don Allah wai doka ta yarda da haka kuwa? Surukata cewa take za a iya kama mutum.

Abban Sadiq, Samaru:
Tambayar na kan hanya Anti. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara, shida na firamare uku na ƙaramar sakandare, kuma ta ɗora wa iyaye nauyin tabbatar da yaro ya halarta ya kammala, har da hukunci ga wanda ya ƙi. Shi ya sa ni ban yarda mutum ya rufe ƙofa ya ce babu ruwan kowa ba. Haɗa yaro da wata makaranta kamar yadda na faɗa ya fi kwanciyar hankali. Maman Hanif kuma tana da takardun asibiti, ta haɗa su ta je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ta yi bayani, Hanwa ai Sabon Gari ce.

Malama Asabe, Kofar Doka:
Fati, ki ji surukarki da kunnen basira. Tsoronta ba na banza ba ne, ta ga yaran da aka ce ana koya musu a gida alhali tallan goro ake ɗora musu. Ni tambayata gare ki, me ya sa kike son cirewa? In kuɗin makaranta ne, ki sani karatun gida ma yana cin kuɗi, ya kuma cinye lokacinki gaba ɗaya. In dai yaranki suna gane karatu inda suke, ki bar su, ki ƙara musu awa ɗaya da yamma.

Kowa kuma a zauren nan ya sayi fayil. Duk zango a saka aikin yaro mai kwanan wata, abin da aka karanta, da sakamakon awo. Ranar da za ki mayar da shi makaranta, fayil ɗin ne zai yi magana a gaban hedimasta.

Anti Fati, Sabon Gari:
Na gode Mama. Kuɗin ne da kuma na Keke Napep kullum, su uku. Zan sake zama da babansu.

Ummu Sumayya, Tudun Wada:
Na dawo. Maman Hanif, a kan Zahra, ni shawarata ki saka ta Islamiyya ta yamma, wadda za ta taka da ƙafa tare da yaran unguwa. Na san kina iya koya mata da kanki, ni ma ina iyawa, amma na kai Sumayya. Ba don karatun kaɗai ba. A can ta koyi jiran layi, ta koyi a yi mata ba daidai ba ta haƙura ko ta kai ƙara, ta yi ƙawar da ba ni na zaɓa mata ba. Ranar da ta dawo tana kuka wai ƙawarta ta daina yi mata magana, raina ya sosu, amma na san wannan darasin ba ni da shi a falo.

Hadda kuma, kuskuren da muka yi bara shi ne gudu. Muka ci izu biyu cikin wata huɗu muna murna, da aka zo tilawa na baya duk ya zube. Yanzu aya uku zuwa biyar sabo a rana, sauran lokacin muraja'a ce. Alhamis ba ƙari sam, kamar yadda makarantun allo ke hutawa. Kuma na koma allo. Na saya musu a kasuwar birni da tawada da alƙalamin kara. Abin da yaro ya rubuta da hannunsa ya wanke ya fi zama a kansa fiye da wanda ya ji a waya. Sai dai ki tsaya a ruwaya ɗaya, in Islamiyyar Hafsu suke yi kada ki ɗora mata Warshu a gida, har sai ta yi ƙwari.

Wani abu kuma, hunturu na tafe. Zaman asuba a kan siminti bai dace da Hanif ba, kin fi ni sanin yadda sanyi ke tayar masa. Daga Nuwamba ki mayar da nasa karatun hantsi.

Maman Hanif, Hanwa:
Allah Ya saka Ummu. Disambar bara ne ma muka kwana biyar a asibiti. Zan mayar da shi ƙarfe goma. Islamiyyar kuwa akwai ɗaya bayan layinmu, ban taɓa kawo ta a rai ba don ina ganin kamar na gaza ne in na kai ta.

Ummu Sumayya, Tudun Wada:
Ba gazawa ba ce Yaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Maman 'Yan Biyu, Kwangila:
Sannunku. Ni a kan malamin lesin zan yi magana, tunda lissafin na neman fin ƙarfinki. Zariya ba a rasa malami, ga ɗaliban sashen ilimi na ABU, ga na Jami'ar Ilimi ta Tarayya, tsohuwar FCE, da yawa suna neman abin da za su riƙe kansu. Amma na ƙone sau ɗaya. Na ɗauki wani, wata biyu littattafan yara cike da maki, ashe shi yake riƙe musu hannu har amsa. Sai da na ba su irin tambayar ba ya nan na gane.

Yanzu ga yadda nake yi. Darasin farko gwaji ne, ina zaune ina ji. Ina lura wa ya fi magana, shi ko yaron. In shi ne daga farko har ƙarshe, ba na ɗauka. A falo ake yi ƙofa a buɗe, ko namiji ko mace. Kuma in ɗalibi ne ki tambaye shi tun farko yaushe jarrabawarsu, don makonni uku zai ɓace miki. Kwana biyu a mako ya ishe ki, sauran ke ki maimaita abin da ya yi. Wadda take zuwar mana yanzu tana da haƙuri sosai, in kina so in tambaye ta ko tana da sarari sai in haɗa ku ta gefe.

Maman Hanif, Hanwa:
Don Allah ki tambaye ta. Talata da Alhamis zai fi min.

Maman 'Yan Biyu, Kwangila:
To. Littattafai kuma kada ki sayi jerin da makarantu ke bayarwa gaba ɗaya. Na lissafi ɗaya, na Turanci ɗaya, sai tsofaffin tambayoyin jarrabawar da Abban Sadiq ya ambata, duk akwai a shagunan littattafai na Sabon Gari. Manhajar gwamnati ta hukumar NERDC ce, ki nemi ta ajinsa don ki san abin da sa'o'insa ke yi, ki duba ta sau ɗaya a wata, kada ta zame miki bulala. A waya kuma akwai Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, kyauta ne, har da darussa da Hausa. Khan Academy ma kyauta ne kuma bayanin lissafin kasonsu yana da kyau, amma Turancin Amurka ne, yara kan rasa wasu kalmomin. Ni nake fara kallo da daddare, da safe in yi musu da bakina. Wayar ba ta zuwa hannunsu.

Maman Ishaku, Wusasa:
Barkanku da yamma 'yan uwa. Maman Hanif, Allah Ya ƙara wa yaro lafiya, muna sa shi a addu'a. Ina so in tambaye ki, Zahra da wane harshe kike koya mata karatu?

Maman Hanif, Hanwa:
Turanci Anti. Ina tsoron kada ta tsaya a baya.

Maman Ishaku, Wusasa:
Haka na yi da Ishaku, muka shekara muna fama. Da na zo kan ƙanwarsa sai kakarsu, wadda ta koyar a nan Wusasa shekaru da yawa, ta ce in fara da Hausa. Ba, be, bi, bo, bu. Rubutun Hausa yadda aka rubuta haka ake faɗa, yaro na haɗa gaɓa biyu ya ji kalmar da ya sani: ba da ki, baki. Fuskarta ta washe a ranar, don ta gane rubutu magana ce. A Turanci kuwa harafi ɗaya sai ya yi sauti uku, ga kalmar ma ba ta san ma'anarta ba, wahala biyu a lokaci guda. Cikin wata huɗu tana karanta tatsuniya, da muka shiga Turanci ba ta sha wuyar da yayanta ya sha ba. Ki dai kula da ɓ, ɗ, ƙ tun farko, ta san bari daban ɓari daban.

Kuma abin kunya ne a ce a Zariya yaro bai iya karanta Hausa ba. Nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan aka kafa kamfanin Gaskiya, nan kamfanin NNPC mai buga littattafan Hausa yake. Ki nemi ƙananan littattafan labarai nasu, ki kuma sa ta rubuta tatsuniyoyin da kakarta ke yi mata. Tawa ta cika littafi guda, da zane.

Malama Asabe, Kofar Doka:
Maman Ishaku ta faɗi gaskiya. Mu haka aka koya mana, haka muka koyar. Turancin ki riƙa yi mata shi da baki kullum, waƙoƙi da gajerun hira, rubutunsa ya biyo baya.

Abban Sadiq, Samaru:
Tunda kin rage darussa Hajiya, ga kimiyyar da ba ta buƙatar littafi, kuma Hanif zai iya ko ranar da jikin ba daɗi. Ki kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a tsaye cak a tsakar gida inda rana ke samu. Duk Asabar wajen sha biyu da rabi, lokacin da inuwa ta fi gajarta a nan Zariya, ya auna ta ya rubuta. Yanzu a Satumba 'yar kaɗan ce, don a ƙarshen Agusta rana ta bi ta saman kanmu. Zai ga tana miƙewa arewa mako bayan mako, zuwa wajen 21 ga Disamba ta kai kusan santimita 70, sannan ta fara dawowa. Kada ki faɗa masa dalili, ki bari ya tambaya. Sadiq da ya tambaya sai muka ɗauko lemo da tocila muka kashe fitila. Daga nan ma ya fahimci zawali da yadda ake gane shigar azahar da la'asar da inuwa.

Sai gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, a auna zurfin ruwan da ya tara da rula bayan kowane ruwa. Ku yi sauri da wannan don a Oktoba ruwan ke ɗaukewa. Zariya kan sami wajen milimita 1,000 a shekara, baɗi sai ku fara tun Mayu ku ga ko lissafinku zai kusanci haka. Zahra kuma a ba ta wake ta shuka a gwangwani uku, ɗaya a rana, ɗaya a ƙarƙashin gado, ɗaya ba ruwa. In kun shigo Samaru ku nemi irin waken SAMPEA, na cibiyar binciken aikin gona ta IAR ne, ta san a garinsu aka samar da shi.

Maman Hanif, Hanwa:
Malam, wannan na sandar ya burge ni. Babansu yana da tef na awo, shi zan ɗora wa Asabar ɗin, dama yana cewa ban ba shi nasa aikin ba.

Maman Ishaku, Wusasa:
Wata shawara. Bara mun yi ta cewa za mu haɗa yaran ba mu yi ba. Bana mu sa rana. Asabar ta farko a kowane wata, gida ɗaya ya karɓi baƙi ko a fita. Ni zan fara. Ku zo Wusasa, mu kai su gindin Dutsen Kufena su ga inda ake cewa Zazzagawa sun zauna kafin birnin yanzu, mu biya su ga tsohuwar majami'a mai ginin ƙasa da aka gina a 1929. Wata na biyu Malama ta karɓe mu a birni, a zaga da su ganuwa da ƙofofi, su ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarim. Su kwatanta ginin biyu da idonsu, gani ya kori ji.

Malama Asabe, Kofar Doka:
Na karɓa. Amma kowane yaro ya zo da littafi da fensir, kafin a ci abinci ya rubuta jimla biyar a kan abin da ya gani. Zan duba da jan biro.

Ummu Sumayya, Tudun Wada:
Muna ciki, mu huɗu. A yi da safe kafin rana ta yi zafi.

Maman Hanif, Hanwa:
Mu ma. Sai dai Hanif ba zai hau dutse ba, gajiya da ƙishirwa na tayar masa. Zan tambayi likitansa ranar asibiti, in ya yarda sai mu zauna a ƙasa da gorar ruwansa.

Maman Ishaku, Wusasa:
Babu mai hawa sai manyan. Ishaku zai zauna da shi, shi ma zane ya fi so. Akwai inuwa, zan kawo tabarma.

Malama Asabe, Kofar Doka:
'Yata, na koma na sake karanta saƙonki na farko. Kin ce yarinya ta bi kayan makaranta da ido. To ki ɗinka mata. Yadi biyu ne. Ki bar ta ta zaɓi launi, a yi mata riga da wando da ɗan hijabi, ki saya mata jaka da sabon littafi ki rubuta sunanta da ajinta a bango. Litinin ta yi wanka ta saka, ta fita ta ƙofar gida ta zagayo ta yi sallama, ke kuma ki amsa mata a matsayin malama. Mu manya muna ganin ba komai ba ne. A wajen mai shekara bakwai shi ne shiga sabon aji.

Kuma ki riƙe a ranki cewa hukuncin Hanif daban, na Zahra daban. In ƙarshen shekarar nan kika ga har yanzu ranta na can, ki kai ta. Ba cin amanar yayanta ba ne.

Maman Hanif, Hanwa:
Mama, na ji, kuma na karanta wa babansu. Ya yi shiru, sannan ya ce mu ga yadda zangon farko zai kasance da Islamiyyar, a Disamba mu tambaye ta da kanta.

Maman Hanif, Hanwa:
Yanzu muka dawo daga kasuwar Sabon Gari. Shuɗi mai haske ta zaɓa, ta ce hijabin fari. Hanif da ya ce shi ba ya so, muna isa wajen mai yadin ya ce a yanko masa shi ma. Tela ya ce aiki ya yi masa yawa amma zai ba mu Lahadi bayan la'asar. Auta ma na sa a haɗa mata da ragowar.

Maman 'Yan Biyu, malamar ta amsa kuwa? Ummu, allon da kika saya wane girma ne, na mai shekara bakwai?

Ummu Sumayya, Tudun Wada:
Matsakaici, wanda za ta iya ɗorawa a cinya. Kada ki saya, ina da ɗaya da Sumayya ta girme shi. Gobe in Abbansu zai wuce Kwangila zan ba shi ya miƙo miki, har da sauran tawada.